Ma'aikata Uku, Gemu Ɗaya

Wata biyar kacal ya yi yana masinja a wani ofis, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, amma tun daga lokacin babu wanda ya isa ya kira shi da wani suna sai Akawu. Aikinsa a can ɗaukar fayil ne daga wannan tebur zuwa wancan, da sayo wa manya ruwan sanyi. Sai dai in ka ji shi yana ba da labari a bakin shagon mai aski, sai ka rantse shi ya riƙe ofishin, kuma ranar da ya bar aikin ne rufin ya fara yoyo.

Yanzu a shagon yayarsa yake, in har za a kira abin da yake yi aiki. Yaya ita ta gaji sana'ar mijinta bayan rasuwarsa, ƙera tebura da bencina na 'yan makaranta, ƙafafun ƙarfe, saman katako. Ita ke yankan katako, ita ke cinikin ƙarfe, ita ke rigima da masu kawo kusoshi. Akawu kuwa ƙarfe goma sha ɗaya yake isowa, ya baje a ɗan ɗakin gaba ƙarƙashin fanka, ya tafi cin abinci ƙarfe ɗaya, ya dawo in barci ya sake shi. Farfajiyar baya, inda ake zufa, bai taɓa taka ta da son ransa ba.

To, bana makarantar da ke ba Yaya aiki duk shekara ta aiko cewa sai da takardar shaida daga ofishin haraji, kafin ƙarfe sha biyun ranar Alhamis. In babu ita, aikin tebur ɗari biyu ya koma hannun wani. Aikin nan kuwa shi ke riƙe da shagon. In ya kuɓuce, Yaya ta san sai dai ta sa wa ƙofa kwado.

"Zan kai wa mai cike fom ɗin nan na bakin ofishin," in ji ta ranar Litinin da safe, tana ɗaure jaka. Tafiya ce a gabanta, za ta je sayen katako, sai Alhamis za ta dawo.

Akawu ya dafe ƙirji. "Mai cike fom? Yaya, ina raye? Ni da na yi hulɗa da fayilolin da suka fi shagon nan nauyi?"

"Ɗauka ka yi, Auta, ba karantawa ba."

"Ai da ɗauka ake fara sanin abu. Ki ba ni fom ɗin nan ki tafi abinki. Kafin ki dawo, takarda na jiran ki a kan tebur, har da hatimi biyu in kina so."

Yaya ta dube shi, ta dubi agogo, mota kuma ba ta jira. Ta miƙa masa fom da littafin shago, zuciyarta ba ta so ba. "Don Allah, in ka ga abin da ba ka gane ba, ka yi tambaya."

"Ni ake tambaya, Yaya."

Fom ɗin bai da wuya. Babbar tambayarsa ɗaya ce: mutum nawa shagon ke kira su yi aiki a sallame su, waɗanda ba albashin wata suke karɓa ba? Akawu ya buɗe littafi. Ita Yaya ba ta rubuta suna, aiki take rubutawa. Ga mai walda, ga mai fenti, ga direba. Ya ƙirga da yatsa sau biyu don ƙwarewa, ya zana uku ƙatuwa, ya sa hannu da irin sa hannun nan nasa mai jela, wanda ya cinye rabin shafi.

A ofishin haraji wata jami'a ya tarar, dattijuwa mai tabarau a ƙarshen hanci, irin mutanen da ba sa ɗaga murya don ba su taɓa buƙatar hakan ba.

"Mutum uku," ta ce. "Suna da lambar haraji?"

"Za su samu, ranki ya daɗe."

"To ka kawo su ranar Alhamis da safe, kowa da hotonsa, a yi musu rajista a ba ku takardarku. Ka tabbata uku ne, Malam? Bayanin ƙarya yana rufe fayil wata uku."

Akawu ya yi 'yar dariyar manya. "Ranki ya daɗe, ni da kuskure ko gaisawa ba ma yi."

Ta buga hatimi. Bai zarce shago ba, sai da ya biya wurin mai aski ya ba da labarin yadda jami'ar ta kusa miƙewa tsaye da ta ga rubutunsa. Sannan ya leƙa farfajiyar baya daga bakin ƙofa, ya ƙwala wa Tsani kira.

Tsani shi ne mai waldar. Sunan ya samo asali ne daga tsayinsa, don in yana wuri ba a neman abin takawa a sauko da kaya. Ga gemu baƙi wuluk har ƙirji, wanda ya shekara tara yana kiwo, ga haƙuri kamar ya yi masa yawa.

"Ranar Alhamis za ku raka ni ofishin haraji," in ji Akawu. "Ka sanar da mai fenti da direba."

"Na ji."

"Cewa na yi ka sanar da su."

"Ai sun ji, Akawu."

Akawu ya waiga hagu, ya waiga dama. "Suna ina?"

Tsani ya ɗaga tabarau ɗin waldarsa, ya nuna kansa. "Fenti da sassafe nake yi, kafin rana ta yi zafi, lokacin ba ka tashi ba. Kai kaya kuma da rana ne, lokacin ka kwanta. Uwar ɗakina tana rubuta kowane aiki daban ne don kada lissafi ya cakuɗe."

Akawu ya ja da baya. Ya nemi benci ya zauna, bai lura ba ashe fentin bai bushe ba.

"Abu mai sauƙi," in ji Tsani. "Ka koma ka ce mata kuskure ne."

"Ni? In koma? Bayan abin da na faɗa mata da bakina? Kai ba ka san ofis ba. A ofis, abin da aka buga wa hatimi ya zama gaskiya. An rubuta uku, to ku uku ne. Saura kawai a gan ku."

"Ni kaɗai uwata ta haifa."

"Ka bar uwarka a nan. In fayil ɗin nan ya rufe, shago ya rufe, kai da waldarka da fentinka da motarka duk kun zauna a gida. Kana so?"

Tsani ba ya so. Yana da 'ya'ya huɗu, kuma Yaya ba ta taɓa saɓa masa ba. Ya bi bayan Akawu, wanda ke tafe da layi biyu na koren fenti a bayan wando, babu wanda ya ga dalilin gaya masa.

Dabarar Akawu, a bakinsa, ta fi ƙarfin ƙananan ƙwaƙwalwa. Shagon mai hoto da na mai aski bango ɗaya ya raba su. Za a fara ɗaukar Tsani da cikakken gemu, wannan mai walda ke nan. A shiga wurin mai aski a sauke gemu a bar gashin baki, a ɗauka, wannan mai fenti. A koma a share fuska tas, a ɗauka, ga direba.

"Shekara tara," in ji Tsani, da mai aski ya ɗaura masa ƙyalle a wuya.

"Gashi ne, zai fito," in ji Akawu. "Shago ba ya fitowa."

Mai aski ya tsaya da almakashi a sama. "Ni dai an sa ni ne. Ku shaida, jama'a."

Jama'ar kuwa sun taru, don tela da mai gyaran waya har sun jawo kujerunsu. Mai hoto ya hau kan akwati kafin ya samu kan Tsani ya shiga hoto. Kafin la'asar hotuna uku sun fito, Akawu ya jera su a tafin hannu yana kaɗa kai.

"Ku duba nan. Ko uwarsu ba za ta ce sun san juna ba."

Ana cikin haka matar Tsani ta iso, don labari ya riga ya kai mata. Ta wuce mijinta sau biyu tana neman sa. Da ya ce, "Ga ni nan," ta ja da baya ta dafe bango.

"Wa ya feƙe min miji haka?"

"Aikin hukuma ne," in ji Akawu. "Ba za ki gane ba." Amma da yake bakinsa ba ya iya riƙe abin alfahari, sai ya zayyana mata dabarar tun daga farko. Ta saurara har ƙarshe, hannu a ƙugu.

"Na ji. To ranar Alhamis, shi mai gemun daga ina zai fito?"

Mai gyaran waya ne ya fara sakin dariya, har wayar wani ta suɓuce masa.

"Na san da wannan," in ji Akawu, alhali zufa ta keto masa. "Yana cikin tsari. Mai aski, ina gemun?"

"Na share."

"Ka share ina?"

Mai aski ya nuna kwandon shara. Akawu, mutumin da bai taɓa ɗaga guduma ba don kada hannunsa ya yi kanta, ya durƙusa gaban jama'a yana tsintar gashi. Matsalar ita ce ba Tsani kaɗai aka yi wa aski ranar ba. Akwai wani tsoho mai furfura, akwai kuma wanda ya rina kansa ja. Akawu ya tattara duka a leda, ya ce a ofis ba a duba launi.

Ranar Alhamis rabin layin bai buɗe shago ba. Mai aski, mai hoto, tela, matar Tsani, duk sun ce suna da 'yar buƙata a ofishin haraji, mutanen da ko hanyar wurin ba sa son bi. A bayan ginin, gindin wata bishiya, Akawu ya buɗe gwangwanin gam ɗin katako da ya ɗebo daga shago, ya shafe wa Tsani haɓa da leɓe, ya manna gashin. Ya rubuta masa sunaye biyu na ƙirƙira a tafin hannu, na mai fenti a dama, na direba a hagu. Ya ɗora masa baƙin tabarau na walda don cikar kamala.

"Ba na gani," in ji Tsani.

"Ba gani aka kawo ka yi ba. Kai za a gani."

Ƙofar ɗakin jami'ar gajera ce. Tsani ya shiga da goshi, ƙau! Har kalanda ta motsa a bango. Masu jiran layi suka haɗa baki, "Sannu!"

"Cire tabarau," in ji jami'ar. Ta dubi hoto, ta dubi mutum. "A nan gemunka baƙi ne."

"Damuwa ce, ranki ya daɗe," Akawu ya yi caraf. "Tun da ya ji maganar haraji furfura ta fito masa."

"Jan kuma fa?"

"Tartsatsin walda."

Ta rubuta wani abu, ta ce a shigo da na biyu.

Suka zaga baya da gudu. Akawu ya kama gemu ya ja, Tsani ya biyo shi gaba ɗaya. Gam ɗin da ke riƙe katako shekara goma ba zai saki haɓa don Akawu na sauri ba. Ya sa ƙafa a gindin bishiya ya fizga da ƙarfi. Tsani ya yi ƙarar da ta tashi tsuntsaye. Gashin baki, wanda shi ake so ya zauna, shi ne ya fita fit. Gemu kuwa ɓangaren dama ya tafi, na hagu ya ce yana nan daram.

"Ka kashe min miji!" in ji matar Tsani.

"Ba ni ɗankwalinki na cikin jaka. Masu fenti ai rufe hanci suke yi," in ji Akawu.

Aka ɗaure masa fuska, aka kifa masa hula, aka sa masa riga mai ɗigon fenti wadda dama tasa ce. Akawu ya ja shi ciki yana raɗa masa, "Ka rage tsayi." Tsani yana ƙoƙarin gane yadda ake rage tsayi, ƙau! A daidai wurin ɗazu. Wannan karon masu layi ba su ce sannu ba, ƙirgawa suka yi: "Biyu!"

Jami'ar ta leƙo ta saman tabarau. "Duk ma'aikatanku tsayinsu ɗaya ne?"

"Da awo muke ɗauka, ranki ya daɗe."

"Ƙulun goshin ma da awo?"

"Gado ne. 'Yan uwan juna ne ta wajen uwa."

"Malam mai fenti, sunanka?"

Tsani ya buɗe tafin dama. Zufa da gam sun mayar da rubutun kunu. Ya buɗe na hagu, gashin tsohon nan ne manne a kai. Ya dubi Akawu cikin neman agaji, ya dubi jami'ar, ya ce cikin ladabi, "Wanne daga ciki, ranki ya daɗe?"

"Mura ce ta taɓa masa kai," in ji Akawu, yana tura shi waje. "Bari in kawo direban, shi ya fi su hankali."

Direba a hoto fuskarsa tas take, don haka sai an sauke ragowar gemun. Aka jawo mai aski daga cikin 'yan kallo. Ya ce shi bai zo da shirin aiki ba, sai ga aska ta fito daga aljihunsa. Ya ɗora ta a haɓar Tsani, ta manne. Ya ja, ta ƙi. Tela ya ce a kawo ruwan zafi, mai hoto ya ce kananzir, matar Tsani ta ce duk wanda ya kusanto mijinta da kananzir sai ya sha shi. Akawu yana tsalle yana kallon agogo, yana cewa, "Ku yi a hankali, kada ta ji! Matar nan ba ta gane komai ba, na riga na juya ta!"

"Mai aski," wata murya ta ce daga sama, a natse, "ka bar masa ɗan gefen nan, ya fi yi wa mai fentin kyau."

Suka ɗaga kai. Tagar jami'ar a kan bishiyar take buɗewa. Tana tsaye da kofin shayi a hannu, a bayanta ma'aikatan ofis da masu layi sun cika sauran tagogin. A daidai lokacin Yaya, wadda ta dawo ta tarar labari ya cika layi, ta zagayo bayan ginin da jakar tafiyarta, ƙurar hanya a ƙafa. Ta ga Tsani zaune a kan dutse, aska na lilo a haɓarsa, ƙulu kamar ƙwai a goshi. Ta ga ƙaninta da ledar gashi a hannu. Sai ta ajiye jakar a ƙasa a hankali.

"Ku shigo," in ji jami'ar. "Dukkanku ukun, da mai kawo ku."

Saura minti goma ƙarfe sha biyu ta cika. Ɗakin ya cika maƙil, Tsani ya shiga a sunkuye ba tare da an gaya masa ba.

"Hajiya, mutum nawa ke miki aiki?"

"Ɗaya ne, ranki ya daɗe," in ji Yaya. "Wannan bawan Allah. Ni ban taɓa yi wa hukuma ƙarya ba. Shagon nan shi ne abin da marigayi ya bar min."

"Da ranar Litinin wannan malamin ya dawo ya ce ya yi kuskure, layi ɗaya zan ja in gyara. Yanzu abin ya wuce nan." Jami'ar ta zaro takardu biyu ta ajiye. "Wannan ta bayanin ƙarya ce. In na cike ta, fayil ya rufe wata uku. Wannan kuma ta kuskuren wanda bai san aiki ba ce. Wanda ya cike fom ɗin zai rubuta da hannunsa cewa bai san komai a harkar haraji ba, ya yi ne cikin jahilci, ya karanta a gaban shaidu, ya sa hannu. In ya yi, in ba ki takardarki yanzu."

Duk ido ya koma kan Akawu.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "ba za a iya rubuta cewa ilimin ne ya yi yawa har ya..."

"Saura minti takwas."

"Ko a ce ƙaramin saɓani tsakanin ƙwararru?"

"Bakwai."

Ya dubi mai aski, wanda gobe zai ba kowa labari har da ƙari. Ya dubi tela da mai hoto. Sannan ya dubi Yaya. Ba harararsa take yi ba, da ma harara ce da ya ji sauƙi. Hannayenta kawai ta haɗa a kan tebur, duk sun yi kanta, ga tsohon yankan zarto a babban yatsa. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Ya ja takarda ta biyu ya rubuta.

"Da ƙarfi," in ji jami'ar. "Shaidu na baya ba sa ji."

Akawu ya gyara murya. "Ni, mai sa hannu a ƙasa, ban san komai ba a harkar haraji."

"Mun shaida!" in ji ɗakin gaba ɗaya, har da wani tsoho da ya zo biyan harajin kekensa bai san kowa ba.

"Abin da na yi, cikin jahilci na yi shi."

"Wallahi mun shaida!" in ji matar Tsani, ita kaɗai, da ƙarfin mutum goma.

Ya sa hannu, ɗan ƙarami, a lungun shafi. Jami'ar ta yi wa Tsani rajista ɗaya, ta buga hatimi, ta miƙa wa Yaya takarda saura minti uku. Yaya ta karɓa da hannu biyu, ta fita da gudu ta tare mota, don makarantar tana ƙarshen titi ne. Sai da suka leƙa ta taga suka hango ta tana ɗaga musu hannu daga bakin ƙofar makarantar, sannan kowa ya saki numfashi.

A hanyar komawa Akawu ya yi shiru har suka wuce kwana biyu na titi, abin da bai taɓa faruwa ba. Mai aski har ya fara jin tausayinsa. A kwana ta uku sai Akawu ya gyara wuyan riga, ya ɗan matso kusa da Tsani.

"Ka dai ga yadda aka yi," ya ce. "Duk ɗakin nan, cike da mutane, da aka zo neman wanda zai ceci shagon, hannun wa aka nema?"

Tsani ya taɓa haɓarsa, inda askar ke manne har yanzu. "Naka, Akawu."

"To ka gani. Da mai cike fom aka ba, ina zai samo jahilcin da hukuma za ta yarda da shi?"